Soichiro Honda: yaron gareji da ya ƙera motocin da har yau ake gyarawa

 A filinmu na tarihin mutanen da suka shuɗe, yau mun nufi ƙasar Japan. Sunan Honda dai kunnenmu ya saba da shi: yana jikin injin ban ruwa a fadama, yana jikin janareto, yana jikin moto da mota. Sai dai ba kowa ya san sunan mutum ne ba, kuma mutumin makaniki ne da ya faro daga yaron gareji. Sai da ya shekara goma sha biyar yana gyaran abin da wasu suka ƙera kafin ya ƙera nasa. Ƙananan motocin gudu da ya fitar tun shekarun 1960 kuwa, har yau akwai masu tashi da buga makulli ɗaya, don hannun masu gyara bai rabu da su ba.

Ɗan maƙeri

An haifi Soichiro Honda ranar 17 ga Nuwamba 1906 a wani ƙauye mai suna Komyo, kusa da birnin Hamamatsu. Mahaifinsa Gihei maƙeri ne, daga baya ya haɗa da gyaran keke. Mahaifiyarsa Mika masaƙiya ce. Gidan ba na masu hali ba ne. Yaron ya tashi tsakanin zuga-zugi da uwar maƙera, yana taya uban gyaran tsofaffin kekuna a sake sayarwa. Karatun lakwal bai dame shi ba sam. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ranar da mota ta fara ratsa ƙauyensu. Ya bi ta da gudu, kuma ƙamshin man da ta ɗiga a ƙasa bai bar hancinsa ba har ya tsufa.

A 1922, yana ɗan shekara 15, ya tafi Tokiyo babban birnin ƙasar, ya shiga wani gareji da ake kira Art Shokai, na wani mai suna Yuzo Sakakibara. Duk wanda ya taɓa kai yaro koyon aiki ya san yadda farkon yake. Watannin farko ko sifana ba a ba shi ya riƙe ba, aikinsa shara da goyon jaririn maigida. Sai a watan Satumba 1923 aka yi babbar girgizar ƙasa da ta rusa Tokiyo, gobara ta biyo baya, yawancin yaran garejin suka koma garuruwansu. Shi ya tsaya. Da hannu ya yi ƙaranci, aiki kuma ya yi yawa, dole aka sakar masa motoci, daga nan maigida ya ga abin da ke hannun yaron.

Maigidan nan mai son tseren mota ne. Suka ɗauko injin jirgin sama samfurin Curtiss, suka ɗora shi kan gangar jikin wata tsohuwar motar Amurka, suka ƙera abin da babu da hannunsu. A 1924 motar ta ci tsere, ƙanin maigida na tuƙi, Honda na zaune gefensa a matsayin makaniki. Kun ga ke nan, tun yana ɗan shekara 18 ya san yadda ake ɗaukar tsohuwar mota a ƙara mata ƙarfi.

Bayan shekara shida maigida ya yaye shi, ya kuma yarje masa ya buɗe reshen garejin a Hamamatsu a 1928. Nan ya yi suna wajen gyara abin da ya gagari wasu. A lokacin, sandunan ƙafar mota na katako ne, suna ruɓewa suna karyewa. Ya ƙera na ƙarfe, ya yi rajistar ƙirar da sunansa, kuɗi suka fara shigowa. Tseren ma bai bari ba, sai a 1936 da wata Ford da ya gyara don gudu ta yi karo a filin tsere na Tamagawa. Shi da ƙaninsa Benjiro suka ji raunuka, ba da daɗewa ba ya daina tuƙin tsere.

Uku cikin hamsin

Da ya warke sai ya ce gyara ya ishe shi, ƙira zai shiga. Ya kafa kamfanin Tokai Seiki don yin zobban fistan, waɗanda masu gyara ke kira ringi. Abu ne ƙarami, amma idan ya lalace kowa na gani: inji ya rinƙa shan baƙin mai, yana hayaƙi, ƙarfinsa ya tafi. Honda ya ɗauka tunda ya cire dubbansu da hannunsa, ai ƙera su ba wuya. Ya zaɓi 50 mafiya kyau ya kai wa kamfanin Toyota, aka gwada, uku kacal suka tsallake.

To, a nan ne tarihin mutumin ya juya. Ya je makarantar fasaha ta Hamamatsu ya nuna ƙarfensa, aka auna, aka gaya masa sinadarin silikon ne ya yi ƙaranci a cikin narkakken ƙarfen. Abin da ido ba ya gani, hannu ba ya ji, komai ƙwarewar mutum. Sai ga maigidan gareji mai shekara talatin, mai iyali da ma'aikata, ya koma aji ya zauna da samari. Ba takardar shaida yake nema ba, jarrabawa ma ba ya zama, har aka hana shi takardar. Amma ya fito da sanin da ya je nema, kuma cikin ƴan shekaru Toyota ta koma sayen ringinsa.

Yaƙin duniya na biyu ya ci wannan wahalar. Jiragen Amurka suka ragargaza masana'anta ɗaya a 1944, girgizar ƙasa ta rusa ɗayar a farkon 1945. Abin da ya rage ya sayar wa Toyota a kan yen 450,000, ya yi kusan shekara guda ba ya aikin komai.

Daga keke zuwa moto

Bayan yaƙi Japan ta shiga matsi. Mai ya yi wuya, jiragen ƙasa cike, mutane na tafiya ƙauyuka da keke neman abinci. A 1946 Honda ya samu wasu ƙananan injina kimanin 500 da sojoji ke tada na'urar rediyo da su, ya gyara su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaura wa kekuna. Matarsa Sachi na cikin waɗanda suka fara gwadawa. Da injinan suka ƙare ya ƙera nasa. Ranar 24 ga Satumba 1948 aka kafa kamfanin Honda Motor.

Shi gwanin ƙarfe ne, amma lissafin kuɗi da bin bashi ba nasa ba ne. A 1949 ya haɗu da Takeo Fujisawa, suka raba aiki: Honda na masana'anta, Fujisawa na kasuwa da asusu, ba mai shiga gonar wani. A 1958 suka fitar da moton Super Cub, wanda zuwa 2017 an ƙera miliyan 100. A 1961 motocin Honda masu ƙafa biyu suka lashe tseren tsibirin Man na Birtaniya a ajin 125 da na 250.

Wurin aiki kuwa mutum ne mai zafi, har ma'aikata suka laƙaba masa sunan tsawa. Idan ya ga an ɗaure noti da ganganci yakan yi faɗa, wani lokaci har ya kai hannu, kuma wannan hali ya kori wasu daga wurinsa. Shi ne kuma ya sa kowa a masana'anta, har da shi, ya sa fararen kayan aiki, don datti ya fito fili a wanke shi.

Jar motar da ta tsere wa doka

A 1961 ma'aikatar ciniki da masana'antu ta Japan ta fara shirya wata doka da za ta taƙaita ƙera motoci ga kamfanonin da suka riga suka fara. Da ta tabbata, da Honda ya tsaya a moto har abada. Ya yi ta jayayya da jami'an gwamnati, ya kuma sa injiniyoyinsa su hanzarta. Har launi sai da ya yi faɗa a kai, don a lokacin ba a barin motar gida ta zama ja, wai kar a rikita ta da ta ƴan kwana-kwana. Ya samu izini, kuma a 1962 shi da kansa ya tuƙo jar ƙaramar motar gwaji a gaban dillalansa a filin tsere na Suzuka. Dokar daga baya ba ta wuce ba.

A Agusta 1963 aka fara sayar da ƙaramar a-kori-kura T360, a Oktoba kuma motar gudu mai kujera biyu, S500. Bari mu kwatanta ta da abin da muka sani. Girman injinta cc 531 ne a silinda huɗu, wato kowace silinda kusan girman injin moto 125 na ƴan kabu-kabu. Kowace silinda da kafiretarta, huɗu ke nan. Tana ba da ƙarfin doki 44 idan injin ya kai zagaye 8,000 a minti ɗaya, a zamanin da yawancin ƙananan motoci ke tsayawa wajen 5,000. Ƙafafun baya kuwa kaca ce ke juya su, kamar moto, kowace ƙafa da kacarta a cikin rufaffen akwati mai mai. Dabarar ta bar wa kowace ƙafa damar hawa da sauka ita kaɗai, ta kuma bar wurin ajiye tayar safaya a baya.

A 1964 aka ƙara girman injin zuwa cc 606, ƙarfin doki 57, aka kira ta S600. A wannan shekarar direba Denny Hulme ya ci ajinsa da ita a tseren kilomita 500 na Nurburgring a Jamus. A 1966 sai S800, mai cc 791 da ƙarfin doki 70. Ku lura da abin da ya biyo baya: da ƙarfi ya ƙaru, an ajiye kacar an koma wa irin ƙafar baya da sauran motoci ke da ita, an kuma sa birkin faifai a gaba. An daina ƙera S800 a 1970, bayan an fitar da sama da 11,000.

Abin da tsohuwar mota ke nema

Waɗannan motoci yanzu sun haura shekara hamsin. Masu su a Japan da Turai sun kafa ƙungiyoyi, suna musayar kayan gyara, abin da ya ɓace a kasuwa su sa a ƙera musu sabo. Aikin da suke yi, duk makanikin Maradi ko Damagaram zai gane shi.

Na farko baƙin mai. Sandar da fistan ke juyawa a injin S tana gudu ne kan ƙananan ƙarafa masu mirginawa, sirara kamar allurai. Da mai mai tsabta sai su shekara da shekaru, da mai mai datti kuwa su cinye kansu, kuma gyaran sandar sai gwani mai kayan aiki na musamman. Saboda haka masu motar ba sa wasa da lokacin juye. Na biyu kafireta huɗun nan, dole su sha iska da mai daidai wa daida. Idan ɗaya ta fi sauran, injin zai rinƙa rawa, fulogi ya yi baƙi, mai ya tafi a banza. Na uku kacar baya, a duba man akwatin, a duba ko ta saki. Sai tsatsa, wadda ke cin ƙarfe daga ciki kafin fenti ya nuna, da robobi da tiyo da ke bushewa ko da motar na ajiye. Mota irin wannan ajiya ma na kashe ta, shi ya sa a gidan tarihin kamfanin da ke Motegi, wanda aka buɗe a 1998, akwai makanikai da aikinsu shi ne su riƙa tada tsofaffin injina suna zagayawa da su.

Wajen ƙara wa mota ƙarfi ma, masu hankali daga birki suke farawa, sai taya, sai abin sanyaya inji, kafin su taɓa cikin injin. Doki mai gudu ba linzami, mahayinsa ne ke shan ƙasa.

Ranar da maigida ya sauka daga ra'ayinsa

Honda ya shiga babban tseren Formula 1 a 1964, kuma a 1965 Richie Ginther ya ci masa tseren Mekziko. Amma a ƙarshen shekarun 1960 ya kafe kan wani ra'ayi. Ko da yake injinan S da ruwa ake sanyaya su, shi ya yi imani iska ta fi, tunda ruwan ma iska ce ke sanyaya shi a ƙarshe, kuma injin da ba ruwa ba ya yoyo. Ya sa aka ƙera motar tsere mai sanyaya da iska. A Yuli 1968, a tseren Faransa da aka yi a Ruwan, motar ta yi haɗari ta kama wuta, direbanta Jo Schlesser ya rasu. Motar gida Honda 1300 da aka fitar a 1969 da irin wannan tsari ta yi nauyi da tsada, kasuwa ba ta karɓe ta ba.

Matasan injiniyoyi suka ce sai da ruwa za a iya rage hayaƙin inji yadda sababbin dokokin Amurka ke nema. Ɗaya daga cikinsu, Tadashi Kume, har ya ƙaurace wa aiki na wani lokaci. Fujisawa ne ya je ya tambayi abokinsa ko shugaban kamfani yake so ya zama ko injiniya. Honda ya zaɓi shugabanci, ya sakar wa yaran hanya. A 1972 suka fito da Civic da kuma injin CVCC, wanda ya zama na farko da ya cika sharaɗin dokar hayaƙi ta Amurka ta 1970. Kume ɗin nan daga baya shi ma ya shugabanci kamfanin.

A 1973 Honda da Fujisawa suka ajiye aiki tare. Tun farko sun yi alkawari ba za su gadar wa ƴaƴansu kamfanin ba, suka kuma cika. Kiyoshi Kawashima, wanda ya shigo yana saurayi tun zamanin injin keke, shi ya hau kujerar. Ɗan Honda, Hirotoshi, ya kafa nasa kamfani mai suna Mugen a wannan shekarar, sana'arsa ƙara wa injinan Honda ƙarfi da ƙera kayan tsere. Tsohon kuwa ya bi masana'antu da shagunan dillalai da garejojin kamfanin a faɗin Japan, yana gaisawa hannu da hannu da ma'aikata, ko da hannun nasu duk baƙin mai ne.

Ƙarshen rayuwa

A 1989 aka sa sunansa a zauren girmama manyan masu ƙera motoci na Amurka, shi ne ɗan Japan na farko. A 1990 ya ga fitowar NSX, motar gudu mai injin lita 3 a bayan direba, gangar jikinta duka ta alminiyam, wadda zakaran tsere ɗan Barazil Ayrton Senna ya taimaka wajen gwada ta. Soichiro Honda ya rasu ranar 5 ga Agusta 1991 a Tokiyo, sakamakon ciwon hanta, yana da shekara 84. Ya bar wasiyya kar a yi masa gagarumin taron jana'iza na kamfani, don bai ga dacewar mai ƙera mota ya cushe wa jama'a hanya ba. Tarukan godiya aka yi a maimakonsa.

Shekara biyu bayan rasuwarsa, a 1993, kamfanin ya buɗe wani shiri a Japan inda mai tsohuwar NSX zai mayar da ita a kwance ta a sabunta abin da ya gaji. A 2017 kuma aka koma ƙera wasu kayan gyaran Beat, ƙaramar motar gudu da ta fito ƴan watanni kafin rasuwarsa.

Mu a nan, da wuya mu ga S800 a kan hanyar Tawa ko ta Yamai. Amma akwai inda labarin ya taɓo mu kai tsaye. Bayan Honda ya ajiye aiki, injiniyoyin da ya horar sun zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, suka tarar mutane na lodin moto fiye da kima, ba sa juye sai inji ya tsaya. Suka koma suka ƙera CG125 a 1975, mai injin da ke jure wahala kuma mai sauƙin kwancewa. Da yawan motocin kabu-kabu da ke shigo mana daga Sin a yau, tsarin wannan inji aka kwaikwaya. Juriyarsa dai tana da iyaka, ga ƙurarmu ga zafinmu. Injin ban ruwan da ya mutu tsakiyar noman rani don an ƙi juye ko an bar matatar iska ta toshe, albasar shekara ce ta tafi.

Sai kuma maganar yaranmu da ke gareji. Wanda yau ake aike sayen shayi da wankin noti, a irin wannan matsayi Honda ya fara. Ku iyaye, idan kun kai yaro koyon gyara kar ku yanke masa karatu gaba ɗaya, ko na yamma ne ya samu, don ranar da ƙarfe ya gagari hannu, lissafi da karatu ne suka fid da Honda. Ku kuma iyayen gida masu gareji, ku sakar wa yaran sifana da wuri, ku saurare su in sun zo da wata dabara. Ƴan uwa na ƙetare masu aiko da mota ko inji gida, ku haɗo da littafinsa da matatun mai da na iska, ku kuma ware kuɗin juye tun daga farko.